Daga Elementare zuwa Firamare: Wa Ke Riƙe da Tarbiyya?

Duk wanda ya bi tarihin makarantar firamare a ƙasar Katsina, har zuwa garuruwan yankin Zobe irin su Dutsin-Ma da Kurfi, zai tarar cewa tun ranar farko a wuyan malami aka rataya ɗabi'unta. Da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, iyaye ba su yarda da boko ba, don suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Abin da ya kwantar musu da hankali sannu a hankali shi ne ganin ana karatu da Hausa, ga malamin Arabiyya a cikin makaranta, ga kuma sarki ya sa nasa 'ya'yan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin waɗanda suka tsaya wa wannan lamari. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, aikinta na farko shi ne horar da malamai. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita duk sai da suka riƙe alli kafin su riƙe mulki, haka ma Abubakar Imam, wanda littafinsa Magana Jari Ce ya zama abin karantawa a azuzuwan Arewa.

Elementare ta zamanin En'e ƙarama ce, amma kowa ya san abin da take nema ga yaro. Da sassafe a share fili, a buga ƙararrawa, a jeru a layi, malami ya bi yana duba farce da haƙora da wuyan riga, wanda ya makara kuma ya sha bulala. Hedimasta mutum ne da ake tashi tsaye in ya shigo taro, hakimi ma yana neman shawararsa. Sai shirin ilimin firamare kyauta ga kowa ya zo a 1976. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tsammani, aka yi ta gina makarantu a ƙauyuka, aka ɗebi malamai da horon gaggawa. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya ƙara yawan gine-gine da yara. Makaranta ta yi faɗi, amma martabar mai koyarwa ta ja baya, ladabin aji kuma ya bi ta.

Wani zai ce wannan begen jiya ne kawai. Zai tuna mana cewa elementare ta 'ya'yan sarakuna ce da na talakawan da dogarai suka kamo, mata kuwa kaɗan ne suka taka ta, kuma abin da ake kira ladabi tsoron bulala ne. Akwai gaskiya a nan, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da gunduma guda ke dogara da makaranta ɗaya ko biyu. Sai dai bulala ba ta koya wa kowa gaskiya da riƙon amana. Yaro ya koye su ne daga malamin da ya gani yana zuwa kan lokaci, garin kuma yana girmama shi. Malamin da ke fama da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, yana fita acaba da yamma don ya cika cefane, da wace natsuwa zai duba farcen kowa?

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da jami'ar tarayya tun 2011, saboda haka inda za a horar da malamai ba shi ne matsala ba. Kiranmu ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Katsina shi ne ta ɗauki waɗanda suka ƙware, ta biya su abin da zai riƙe su, ta tura su har makarantun ƙauyukan bakin madatsar Zobe.