Pompeii: Garin da Toka ta Riska Ana Tsakiyar Gyara

Duk wanda ya ji sunan Pompeii, ranar halaka ce ke fara faɗo masa a rai. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, toka da tsakuwa suka binne wannan ƙaramin gari na kudancin Italiya, kusa da birnin Naples na yau, har zurfin mita 4 zuwa 6. Mu kuwa da rubuta manhajar kwamfuta ya zama sana'armu, idonmu wani wuri ya saba zuwa. Ranar ƙaddamar da manhaja ake tafi da ɗaukar hoto, amma yawancin shekarunmu a gyaran abin da wani ya gina suke ƙarewa. Shi ya sa muka sunkuyar da kai muka dubi titunan garin, don mu ga wa ke gyara su, kuma da kuɗin wa.

Garin bai da girma. Faɗinsa a cikin ganuwa kamar hekta 66 ne, yana da ƙofofi bakwai, masana da dama kuma na ƙiyasta mazaunansa da wajen mutum 11,000. An shimfiɗe manyan titunansa da faffaɗan baƙaƙen duwatsu, irin waɗanda dutse mai aman wuta ke bari. A gefe da gefe an ɗaga hanyar masu tafiya a ƙafa ta yi tudu kamar dakali. A tsakiyar titi kuma an kafa manyan duwatsu, ɗaya ko biyu ko uku a jere, mutum ya taka ya tsallaka, an bar tazara a tsakaninsu yadda ƙafafun amalanke za su wuce. Dalilin haka shi ne yawancin unguwannin ba su da magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Titin shi ne kwatar. Garin a gangare yake daga arewa zuwa kudu, ruwan sama da ruwan wanke-wanke da kashin dabbobi duk ta nan suke bi su fita.

A zamanin Sarki Augustus aka jawo wa garin ruwa daga duwatsu masu nisa. Ruwan na shiga wani ɗakin rabo kusa da ƙofar Vesuvius, inda ya fi ko'ina tudu, daga nan ya rabu uku cikin bututun darma. A mararrabai an gina dogayen ginshiƙai da ƙaramin tanki a sama, don rage ƙarfin ruwan kada ya fasa bututu. Famfunan jama'a wajen 40 ne, kuma ba a rufe su dare da rana. Rarar da ke malala daga kwamin famfo ita ke taimakawa wajen wanke titi.

To wa ke kula da wannan duka? Kowace shekara mazan garin masu 'yanci na zaɓen shugabanni huɗu. Biyu na riƙe da shari'a da mulki. Sauran biyun, waɗanda ake kira aedile da Latin, aikinsu ya haɗa na duba-gari da na sarkin kasuwa da na mai kula da ayyuka: tituna, kasuwanni, wuraren bauta da gine-ginen jama'a. Har yau ana karanta tallace-tallacen zaɓe fiye da 2,000 da aka rubuta da fenti a bangwayen garin. Muƙamin ma ya girmi mulkin Rumawa a nan, domin Pompeii ta zama matsugunin Rumawa ne a shekara ta 80 kafin Miladiyya, alhali kusa da ƙofar Stabia akwai dutse mai rubutu da tsohon harshen yankin, Oscan, yana bayanin yadda irin waɗannan jami'ai biyu suka auna hanya suka shata iyakarta.

Sai dai jami'ai biyu ba za su iya ɗaukar gari ba. Wanda ya lura da dakalin gefen titi zai ga daɓen yana canjawa daga ƙofar wani gida zuwa na maƙwabcinsa: nan turmin garin bulo, can tsakuwa, gaba ƙasa zalla. Masana na ɗaukar wannan alama ce cewa kowane mai gida shi ke da alhakin gabansa. Akwai dokar da ke ƙarfafa wannan fahimta, a kan allon tagulla da aka tono a 1732 kusa da Heraclea, a kudancin Italiya. Dokar birnin Rum ce ta wajen zamanin Julius Caesar. Ta ɗora wa mai gida gyaran titin da ke gabansa, kada ruwa ya kwanta ya hana mutane wucewa. In ya ƙi, jami'i ya ba ɗan kwangila aikin, a kawo wa mai gida lissafi. In kwana 30 suka wuce bai biya ba, a ƙara masa rabin kuɗin. In kuma ginin hukuma ne a ɗaya gefen, hukuma ta biya rabonta. A maƙwabcin gari Herculaneum, wani jami'i mai suna Marcus Alficius Paulus ya sa an rubuta gargaɗi a jikin ginshiƙin ruwa: wanda ya zubar da ƙazanta a wurin, in ɗa ne tara, in bawa ne bulala.

Dutse ma yana gajiya. Ƙafafun amalanken da aka naɗe da ƙarfe sun ci titunan har sun haƙa kwari mai zurfi. Wani masani ɗan Amurka, Eric Poehler, ya bi sawun gogayyar da ke jikin duwatsun kwana, ya nuna cewa a dama ake tuƙi, kuma wasu lunguna hanya ɗaya ake bi a cikinsu. Shi da abokan aikinsa sun kuma ƙirga wurare fiye da 400 da aka ga ƙarfe a jikin duwatsun titi, suka buga sakamakon a 2019. A ganinsu narkakken ƙarfe aka riƙa zubawa a ramuka, saboda sake shimfiɗa babban titi na nufin rufe shi wata da watanni. Faci ke nan, irin wanda mu ma muke yi wa manhaja idan ba halin tsayar da ita. Marcus Holconius Rufus, attajirin da ya sabunta babban gidan wasan kwaikwayo, sunansa na nan a sassaƙe. Mai ɗauko ƙarfe da zafinsa zuwa tsakiyar titi, wanda wataƙila bawa ne, ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

A shekara ta 62 girgizar ƙasa ta yi wa garin mummunar ɓarna. A shekarun da suka biyo baya, Sarki Vespasian ya turo wani hafsan soja, Titus Suedius Clemens. Duwatsun da ya kafa a wajen ƙofofin gari sun ce ya saurari ƙararraki, ya sa an yi awo, ya mayar wa jama'a filayensu da wasu suka mamaye. Shekara 17 bayan girgizar, gyara bai ƙare ba. Masu tono sun tarar da tulin farar ƙasa a gidajen da ake wa aiki, da ramukan bututu a gefen titi waɗanda tsakuwar dutsen ta cika tun ba a rufe su ba. Ma'aikata sun bar aiki da niyyar dawowa.

Tun 1748 aka fara tono garin, kuma fitowarsa fili ke da wuya tsohuwar matsalarsa ta dawo. A watan Nuwamban 2010, bayan ruwan sama mai yawa, wani sanannen gini da ke kan babban titi, Schola Armaturarum, ya rufta. Ya jure aman wuta, sai ga shi laima da rashin kulawa sun kai shi ƙasa. A 2012 Italiya da Tarayyar Turai suka amince da shirin ceto na Yuro miliyan 105, kuma tsara hanyar ruwa na cikin manyan ayyukansa.

Ba ma sha'awar bulalar Paulus, balle bautar da ta riƙe wannan tsari. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ga dukkan alamu, kowane taku na titi yana da mai shi, akwai jami'in da za a tambaya da suna, an kuma san abin da zai biyo baya idan aka yi sakaci. A wurin aikinmu, sashen manhajar da ba a rubuta sunan mai kula da shi ba shi ne ke fara ruɓewa, kowa na zaton na wani ne. Damina kuwa na tafe. Kwatar da ke ƙofar gidanmu ta cika da leda da yashi tun bara, mu da maƙwabta da ƙaramar hukuma muna ta kallon juna, har yanzu ba wanda ya ɗauko shebur.