Daga Rumbu Zuwa Hanta: Tarihin Wani Furotin

A shekarar 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, talo-talo sama da dubu 100 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila, aka rasa gane cutar. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka yi oda daga Brazil. Cikin shekara biyu masana suka gano mai laifin: wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus, mai fitar da gubar da aka raɗa wa suna aflatoksin.

Labarin bai tsaya a Ingila ba, domin gyaɗa, wadda mu Adarawa muke kira gujiya, ita ce arzikin ƙasar Hausa a wancan zamani. Dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, kuma a 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA don sayen ta Maraɗi da Damagaram a kai Turai. Hankalin masu saye ya tashi. A cibiyar binciken noma ta Samaru kusa da Zariya, McDonald da Harkness suka yi shekaru suna nazari, suka nuna cewa gyaɗar da ɓawonta ya fashe, ko gara ta taɓa, ko ta daɗe ba ta bushe ba, ita ce fumfunar ta fi kamawa. Daga baya Turai ta kafa ƙa'ida mai tsanani a kan abin da za a shigar mata. Sai dai gyaɗar da aka ƙi saye ba a teku take ƙarewa ba. Gida take komawa, a matse mai, a soya ƙuli-ƙuli, alhali wuta ba ta cika kashe wannan guba ba.

Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon dajin hanta ya yi yawa a Afirka da kudancin Sin, yana kuma kashe magidanta da ƙuruciyarsu. An yi zargin gubar, amma zargi ba shaida ba ne. Shaidar tana can cikin ƙwayar halitta.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, kowace da cibiya a tsakiyarta inda aka adana rubutun gado. Tun ƙarni na 19 masu duba tsoka da madubin likita suke gane daji ta kamannin wannan cibiya: takan kumbura, ta yi duhu, gefenta ya karkace. Sun ga canjin amma ba su san sanadinsa ba, sai da aka koma nazarin furotin, wato ma'aikatan da ke aiwatar da abin da rubutun ya umarta. A 1979 David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Arnold Levine a Amurka, da wasu, suka gano wani furotin da aka sa wa suna p53. Da yake an same shi jibge a cibiyar ƙwayoyin daji, shekara goma ana ɗaukarsa ɓarawo. Sai a 1989 ayyukan su Bert Vogelstein suka nuna cewa maigadi ne, wanda ake gani jibge ɗin kuwa naƙasasshensa ne. Aikin lafiyayyen shi ne, idan rubutun gado ya samu lahani, ya hana ƙwayar rabuwa har a gyara, in kuma gyara ya gagara ya sa ta mutu. Kusan rabin dukkan ciwon daji na ɗan Adam ana samun wannan maigadi a naƙashe.

A ƙaddara p53 tasbaha ce mai ƴaƴa 393. A yawancin nau'o'in daji lahanin yakan faɗa a wurare dabam-dabam na tasbahar. Amma a 1991 rukunin masana biyu, ɗaya ya duba marasa lafiya na Qidong a ƙasar Sin, ɗaya na kudancin Afirka, suka wallafa abu guda: a dajin hanta na waɗannan wurare lahanin yana yawan faɗawa a ɗa na 249. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun, G ya koma T, sai sinadarin arjinin ya ba serin wuri, furotin ya kasa riƙe abin da yake gadi. Gwaji ya tabbatar cewa aflatoksin, bayan hanta ta sarrafa ta, irin wannan sauyi take haddasawa. A Turai, inda ba a cin gubar sosai, da wuya a ga wannan tabo. Ashe abin da ya faru a rumbu yana rubuce a cibiyar ƙwayar hanta, kamar shaidar wuta a cinyar raƙumi.

A Afirka ta Yamma, Gambiya ce ta zama fagen binciken. Can aka sami tabon 249 a jinin fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu dajin hanta. Wani furotin kuma, albumin na cikin jini, ya zama ma'auni, don gubar takan manne masa har kimanin wata biyu. Da aka auna yara 480 a Benin da Togo, sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna ta a jikin kashi 99 cikin 100, kuma waɗanda suka fi ɗauke da ita sun fi tsumburewa. Mafi muni shi ne haɗuwarta da cutar hanta nau'in B: binciken Shanghai ya nuna mai ɗauke da duka biyun haɗarinsa ya ninka kusan sau 60.

Mutumin Bambeye zai iya cewa shi gero yake nomawa, kuma gaskiya ne gero bai kai masara da gyaɗa kamuwa ba, rumbunan ƙasa na Adar ma an san su da tsare hatsi. To amma ƙuli-ƙuli na kasuwar Tawa yana shiga kwaɗo da yajin tsire, kuma a shekarun ƙarancin cimaka irin 2005 masarar kudu ce ke cika tukunya, bayan ta yi watanni cikin buhu. Rajistar ciwon daji da aka buɗe a Yamai a 1992 ta sa dajin hanta a sahun gaba cikin waɗanda ke kama maza. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B kuwa sai a 2008 ta shiga jerin alluran jarirai a Nijar, ma'ana malaman da ke karanta wannan shafi yawancinsu sun girma ba tare da ita ba.

Maganin ɗaya rabin matsalar ba ya buƙatar madubin likita. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an gwada shi a ƙauyuka 20. Rabinsu aka koya wa manoma tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, da shanya a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sarai, da zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon ya fito a 2005: wata biyar bayan girbi, gubar da ke manne da albumin a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba.