Fansho a Amurka, Zama a Meziko: Nazarin Dalilan Ƙaurar 'Yan Fansho Zuwa Maƙwabciyar Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa 'yan fanshon Amurka komawa Meziko da zama. An dogara da ƙidayar jama'ar Meziko ta 2020 da dokokin fansho, lafiya da mallakar fili na ƙasashen biyu. Nazarin ya nuna cewa tsadar rayuwa ce ke tayar da mutum daga gida, tsarin inshorar lafiya kuma shi ke hana shi yin nisa.

Gabatarwa

Akasarin rubuce-rubuce kan iyakar Amurka da Meziko sun karkata ne ga matasan da ke haurawa arewa neman aiki. Akwai kuma ayarin masu furfura da ke gangarawa kudu. Ɗan ci-rani yana bin inda aiki yake, ɗan fansho kuwa inda kuɗinsa zai yi auki yake nema. Abin ba yau ya fara ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin sojojin Amurka sun yi amfani da tallafin karatun da wata doka ta 1944 ta ba su, suka tafi San Miguel de Allende koyon zane, wasu suka yi zamansu. A bakin tafkin Chapala ma, baƙi sun kafa ƙungiyar Lake Chapala Society tun 1955.

Ƙidayar 2020 ta samu kimanin mutum 797,000 haifaffun Amurka a Meziko. Sai an yi hattara da wannan adadi, domin mafi yawansu yara ne da matasa, 'ya'yan 'yan ƙasar da suka dawo gida. Sannan tsofaffi da dama suna shiga ne da izinin yawon buɗe ido, wanda bai wuce kwana 180 ba, don haka ƙidaya ba ta cika riskarsu ba.

Lissafin aljihu

A farkon 2024 matsakaicin fanshon da gwamnatin tarayyar Amurka ke biya ya kai kimanin dala 1,900 a wata. A manyan birane kuɗin haya kaɗai kan lashe kaso mafi tsoka daga ciki. A garin Ajijic da ke bakin tafkin Chapala, wannan kuɗi kan isa haya da cefane, wani lokaci har da mai aikin gida. Garin yana tudu, kimanin mita 1,500 sama da teku, ba zafi mai tsanani ba sanyi mai tsanani, saboda haka kuɗin ɗumama ɗaki ko sanyaya shi ba ya cikin lissafi. Ranar Laraba, da kasuwar garin ke ci, za a ga dattawa da hulunan rana suna cinikin tumatir da guntun Sifaniyancinsu.

Me ya sa sai maƙwabciya?

Da araha kaɗai ake bi, da Filifin ko Tailan sun wadatar. Amsar tana cikin bambancin dokoki biyu. Fanshon tarayya yana bin ɗan ƙasa har Meziko. Amma Medicare, inshorar lafiyar da ake shiga daga shekara 65, ba ta biyan kuɗin magani a wajen Amurka sai a yanayi ƙalilan. Shi ya sa ɗan fansho ke raba jinyarsa biyu: ƙananan larurori ya biya daga aljihu a Meziko, babbar tiyata kuma ya koma gida. Daga Chapala zuwa filin jirgin Guadalajara tafiyar kusan rabin sa'a ce a mota, daga can akwai jirage kai tsaye zuwa Houston da Los Angeles. Wanda ke Tailan ba shi da wannan gata.

Garin Los Algodones na Meziko, kusa da Yuma ta Amurka, ya nuna yadda abin yake. Ƙaramin gari ne mai ɗaruruwan likitocin haƙori. Tsofaffi kan ajiye motocinsu a ɓangaren Amurka, su taka da ƙafa su ƙetare, a gyara musu haƙori, su koma kafin magariba, domin Medicare ta asali ba ta ɗaukar nauyin aikin haƙori na yau da kullum.

Doka ma tana da tasiri a kan inda ake sauka. Sashe na 27 na tsarin mulkin Meziko na 1917 ya hana baƙo mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 100 daga iyaka da 50 daga gaɓar teku, sai ta hanyar amanar banki. Chapala da San Miguel duk suna wajen wannan yanki.

Inda lissafin ke ɓaci

Mai karɓar dala yana kashe peso yana hannun kasuwar canji. A Afrilun 2020 dala ɗaya ta kai kusan peso 25, a Afrilun 2024 ta faɗi ƙasa da 17. Ba a rage wa kowa ko sisi daga fanshonsa ba, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da yake canzawa ya tafi.

Akwai kuma 'yan gari. Hayar da baƙo ke gani kamar kyauta, malamin makarantar garin ba zai iya biyanta ba, mai gida kuwa wanda ya fi taya shi zai ba. Zanga-zangar 4 ga Yulin 2025 a unguwannin Roma da Condesa na birnin Meziko ta fi auna matasan da ke aiki ta intanet da masu hayar ɗan lokaci, amma kukan ɗaya ne. A ra'ayin marubucin, duk binciken da zai auna ribar wannan ƙaura bai cika ba matuƙar bai sa hayar ɗan gari a cikin lissafi ba.