Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Allurar Ruwan Gwiwa

Kakana ya rasu da tabon tsaga a jere kan gwiwoyinsa biyu. Ina yaro a Gyaɗi-Gyaɗi, da hunturu ya kankama sai a aike ni kiran wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya zauna a zaure, ya kafa ƙaho ya zuƙe, ya cire ya tsaga da aska, ya sake kafawa. In baƙin jini ya taru sai ya juye shi a toka ya ce, "Malam, ga sanyin nan ya fito." A shafa man kaɗanya. Tun 1959 akwai Asibitin Ƙashi na Dala, amma tsofaffinmu sun bar wa masu karaya shi. A wurinsu ciwon gwiwa mugun abu ne da ya shiga, maganinsa a fitar da shi.

Yanzu magana ta juya. Ko a kasuwar Tarauni za ka ji dattijuwa na cewa ruwan gwiwarta ne ya ƙare, za ta Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a ƙara mata.

Ruwan nan yana da tarihinsa. A 1934 Karl Meyer da John Palmer suka gano sinadarin hayaluronik a ruwan cikin idon saniya, a Amurka. Shi ke ba ruwan gaɓa yauƙi kamar miyar kuɓewa. Daga baya Endre Balazs, haifaffen Hangari, ya tace shi daga zankon zakara, kuma dawakan sukuwa sun riga mutane cin moriyarsa. Amurka ta amince a yi wa gwiwar mutum allurarsa a 1997.

Bara na kai mahaifiyata wurin wani likita, ya yi mata bayani dalla-dalla. "Hajiya, ruwan bai ƙare ba, tsinkewa ya yi. Guringuntsi ne ya cinye, ɓarɓashinsa ke tsokanar rufin gaɓar har ta kumbura." Allurar, in ji shi, tana maido da santsi, tana ɗan lafar da sinadaran da ke hura kumburin, amma cikin kwanaki jiki ke shanye ta, kuma guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. A 2013 ma ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ƙi ba da shawarar yin ta. Ya fi matsa mata kan rage ƙiba da motsa ƙafa, maganar da ba ta yi mata daɗi ba.

Ta dage, muka biya, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Ta samu sauƙi kamar na wata uku, har ta taka zuwa wani suna a bayan layinmu. Har yau dai a kan kujera take salla.