Tabkin Cadi: me ya sa bakin ruwan ke tafiya yana dawowa?

Jama'ar Sabon Maci da ƴan'uwa mazauna ƙetare, mun sha jin ana cewa Tabkin Cadi ya kusa ƙafewa. To, ga abin da masu bincike suka gano.

Inda yake

Tabki ne na ruwan daɗi a mahaɗar ƙasashe huɗu: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Namu ɓangaren yana jihar Difa, wajen N'Gigmi da Boso. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa daga Shari da Logon yake fitowa, can kudu. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke wucewa ta Difa, kaɗan yake kawowa.

Abin da ke motsa gaɓa

Tabkin shimfiɗe yake kamar faifai, zurfinsa bai wuce ƴan mitoci ba, rana kuma tana shanye kusan mita 2 duk shekara. Shi ya sa in ruwa ya sauka da kamu ɗaya, sai gaɓa ta ja baya da nisa. Mun san haka a tabkunanmu bayan damana, sai dai can abin da kilomita ake auna shi.

Abin da aka auna

Tsakanin 1906 da 1909, ayarin Bafaranshe Jean Tilho ya zana taswirar tabkin, ya tarar da arewacinsa a bushe. Ruwa ya dawo, har a 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 sai ya rabe biyu, tudu ya shiga tsakanin kwarin arewa da na kudu. A shekarun 1980, zamanin yunwar da manyanmu ke kira El-Buhari, ruwan fili ya koma kusan 2,000. N'Gigmi, da ke bakin ruwa a da, ta wayi gari a tudu.

Yau da tauraron ɗan'adam ake sa ido. Wani bincike da ya fito a 2020 ya nuna cewa tun wajen 2000 tabkin bai ci gaba da raguwa ba. Wani ruwan ma yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi, hoto ba ya ganinsa da sauƙi.

Me ya shafe mu?

Inda ruwa ya janye, manomi na shuka masara da wake, makiyayi na kawo shanu, masunci na bin kifi. Ruwa ya dawo, gonar bara ta zama wurin su. Nan rigima ke tashi, har tsakanin ƙasashe: masunta sun bi ruwa sun zauna Darak, sai da Kotun Duniya ta yanke a 2002 cewa yankin na Kamaru ne. Hukumar Tabkin Cadi, da ƙasashen huɗu suka kafa a 1964, ita ke kula da rabon ruwan.

Duk mai niyyar ci-rani can, ya riƙe wannan: cikar tabkin ba ta zuwa da damana. Sai bayan ta wuce, cikin sanyi, ruwan kudu ke isowa ɓangarenmu. Kafin ka zuba iri ko ka biya kuɗin aron gona, tambayi mutanen wurin inda ruwa ya tsaya bara da bara waccan.

Allah Ya ba mu damana mai albarka.