Gundumar Mayo ta Ƙasar Ayalan

Mayo gunduma ce a yammacin tsibirin Ayalan, cikin lardin Connacht, tana fuskantar Tekun Atlantika. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 5,600, wato ita ce ta uku a girma bayan Cork da Galway. Hedikwatarta Castlebar, manyan garuruwanta kuma sun haɗa da Ballina da Westport. Yammacinta duwatsu ne da tafkuna da fadamu masu baƙar laka, wadda ake yankawa a shanya a yi girki da ita, gabashinta kuma ya fi daɗin noma. Littattafan 'yan yawon buɗe ido sun cika da yabon kyan wurin, amma kan abin da ya girgiza mutanensa tsakanin 1845 da 1903 sukan taƙaita, alƙalumansu kuma na cin karo da juna. A nan ne wannan maƙala za ta fi tsayawa.

Mafi tsufan shaidar noma a gundumar ita ce gonakin Céide da ke arewa, a bakin teku. A shekarun 1930 wani malamin makaranta, Patrick Caulfield, yana yankan laka sai ya ci karo da duwatsu a jere a ƙarƙashinta. Daga baya ɗansa Seamus, masanin kayan tarihi, ya bi fadamar yana caka dogayen sandunan ƙarfe, duk inda ƙarfe ya taɓa dutse a sa alama, har taswirar katangun gonaki ta fito. Yawancin masana na cewa an gina su wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani bincike na 2017 ya ce ba su kai haka tsufa ba, sai dai ra'ayin farko ne har yanzu ya fi rinjaye.

Zamanin Kiristanci sananne ne. Dutsen Croagh Patrick mai tsawon mita 764 shi ne inda ake cewa Waliyyi Patrick ya yi azumin kwana arba'in a 441. Wannan shekara ruwaya ce ta baka, bai kamata a ɗauke ta kamar rubutaccen tarihi ba. Dubban masu ziyara na hawansa a Lahadin ƙarshe ta Yuli, wasu ba takalmi. Sunan gundumar ya samo asali daga gidan 'yan zuhudu da Waliyyi Colman ya kafa wajen 670, majami'ar Ballintubber kuma an gina ta a 1216. Iyalan de Burgh na Normanawa sun mamaye Connacht a 1235. Gráinne Mhaol, shugabar dangin O'Malley mai jiragen ruwa, ta gana da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1593. A Agustan 1798 Janar Humbert ya sauka kusa da Killala da sojojin Faransa kimanin dubu, ya fatattaki rundunar Birtaniya a Castlebar, amma bai yi wata guda ba ya miƙa wuya.

Zuwa farkon ƙarni na 19, kusan duk ƙasar noma ta koma hannun tsirarun masu ƙasa, wasunsu ma a Ingila suke zaune, wakilansu ne ke karɓar kuɗin haya. Manomi ɗan haya ne a gonar kakanninsa. Hatsi da alade na biyan haya ne, abincin gida kuwa dankalin turawa, safe da rana da dare. Ƙidayar 1841 ta samu mutum kusan 389,000 a Mayo. A 1845 cutar ruɓewa ta faɗa wa dankalin, a 1846 ta cinye shi kusan ƙarƙaf. Da aka sake ƙidaya a 1851, mutum 274,000 da 'yan kai suka rage. Yunwa da zazzaɓi sun kashe wasu, sauran sun hau jirgi zuwa Ingila da Amurka da Kanada. Ana cikin wannan hali ɗaya daga cikin masu ƙasar, Lord Lucan, ya kori dubban 'yan haya a kewayen Castlebar, ya rushe gidajensu ya mai da gonakin makiyaya.

Abin da ya faru a Doolough a ƙarshen Maris 1849 shi ya fi zama a zukatan mutane. Jami'an da za su tantance masu karɓar agaji a Louisburgh sun wuce Delphi Lodge, tafiyar kusan kilomita 19, aka ce wa mayunwata su same su can da sassafe. Ɗaruruwa suka bi hanyar dutse cikin dare da sanyi, wasu suka faɗi a bakin tafkin Doolough a hanyar dawowa. Wasiƙun da jaridar Mayo Constitution ta buga a lokacin sun lissafa mutum ƙasa da ashirin, ruwayar baka kuwa ta kai adadin ɗaruruwa. Alƙaluman jaridar sun fi kusa da abin da aka iya tabbatarwa, amma ƙanƙantarsu ba ta rage laifin waɗanda suka sa mai jin yunwa wannan tafiya ba.

Cikin waɗanda aka kora a 1850 akwai iyalan wani yaro ɗan shekara huɗu daga ƙauyen Straide, Michael Davitt. Sun koma Lancashire, inda injin masaƙa ya cinye masa hannun dama yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Da damina ta sake ɓaci, a 1879 mutane suka ƙi zama su jira mutuwa. Ranar 20 ga Afrilu dubban manoma suka yi gangami a Irishtown, ranar 16 ga Agusta aka kafa ƙungiyar kare 'yan hayar gona ta Mayo a Castlebar, a Oktoba kuma ta zama ta ƙasa baki ɗaya, Charles Stewart Parnell na shugabanta, Davitt na jan ragamar aiki. Wasu littattafai na fara labarin daga taron Dublin na Oktoba, amma a Irishtown wutar ta kama. Buƙatun ƙungiyar uku ne: haya mai adalci, kada a kori wanda ya biya, kuma ɗan haya ya iya sayar da haƙƙinsa na gona.

A 1880 aka gwada ƙarfin ƙungiyar a kan Kyaftin Charles Boycott, wakilin Lord Erne a bakin tafkin Mask, wanda ya nemi korar 'yan haya goma sha ɗaya. Ba a taɓa lafiyarsa ba, ƙaurace masa aka yi. Leburori suka bar gonarsa, maƙeri ya ƙi yi wa dawakinsa takalmi, mai wanki ta daina zuwa, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya. Sai da aka kawo 'yan sa-kai hamsin daga Cavan da Monaghan, da sojoji kimanin dubu suna gadinsu, kafin aka girbe amfanin gonarsa. An ƙiyasta kuɗin gadin a fam 10,000, amfanin kuwa bai wuce 'yan ɗaruruwan fam ba. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ayalan, sunansa ya zama kalmar ƙauracewa a harsuna da dama. Dokar 1881 ta amince da buƙatun uku, ta 1903 kuma ta ba manoma rancen gwamnati su sayi gonakinsu.

Mallakar gona ba ta tsayar da ƙaura ba. Mutanen tsibirin Achill sun ci gaba da zuwa cirani Sikotilan don tonon dankali, jama'ar gundumar kuma ta yi ta raguwa har ta sauka kusan 110,000 a 1971. Kwalejin Ballinafad ta horar da matasan ƙungiyar mishan ta SMA, wadda limamanta suka yi aiki a Jos da Kaduna. Knock ta zama wurin ziyarar Katolika tun 1879, an buɗe filin jirgin samanta a 1986, a Ballyhaunis kuma aka gina masallaci a 1987. Mary Robinson 'yar Ballina ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ayalan a 1990. Harshen Ayalan na asali ya rage a Erris da Achill da Tourmakeady. A ƙidayar 2022 Mayo na da mutum kusan 138,000, wato har yau ba ta kai rabin jama'arta na 1841 ba.