Madatsar Ƙasa Tsakanin Tara Ruwa da Tare Ambaliya: Nazari a Kan Madatsar Alau

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi madatsar ruwa ta Alau da ke Jihar Borno, wadda ta ɓalle a watan Satumba na 2024, domin fayyace yadda madatsar da aka gina da ƙasa take aiki da hanyoyin da take lalacewa. Ra'ayin maƙalar shi ne, madatsar da aka ɗora wa nauyin adana ruwan sha da na noman rani, kuma aka ce ta tare ambaliya, tana ɗauke da buƙatu biyu masu karo da juna, kuma lafiyarta ta rataya ne a kan yadda ake sasanta su kowace damina.

Madatsar da muhallinta

An gina madatsar Alau tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, a yankin Konduga, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da Maiduguri, kuma Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ce ke kula da ita. An tsara tafkinta ya ɗauki ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, wato ma'aunin da kowane ɗayansa yake daidai da lita 1,000. Ngadda yana samun ruwansa ne daga kogunan Yedzaram da Gombole, waɗanda ke haɗuwa a fadamar dajin Sambisa, daga nan ya ratsa tsakiyar Maiduguri ya malala a fadamar Jere, inda aka shahara da noman shinkafa. Wannan tsari na ƙasa yana da muhimmanci, domin duk ruwan da ya kuɓuce wa madatsar ba shi da wata hanya sai ta cikin birni.

Yadda ganuwar ƙasa take riƙe ruwa

Madatsar ƙasa ganuwa ce da ake tayarwa ta hanyar shimfiɗa ƙasa hawa-hawa, ana yayyafa mata ruwa ana daɓe ta da manyan motoci har ta cure. A tsakiyarta akan sa yumɓu, wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, a bayansa kuma a jera yashi da tsakuwa su zama matata, wato shimfiɗar da ke barin ruwa ya wuce amma ta riƙe ƙwayoyin ƙasa. Fuskar da ke kallon tafki ana lulluɓe ta da duwatsu saboda dukan igiyar ruwa, ta bayan kuma a dasa mata ciyawa. Ƙa'idar daɓen ta samo asali ne daga gwajin da injiniya Ralph Proctor ya fitar a Amurka a 1933, wanda ya nuna cewa kowace irin ƙasa tana da adadin danshin da take fi curewa da shi, ta yadda busasshiya ba ta kamawa, jiƙaƙƙiya sharkaf kuma sai ta zame.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne babu madatsar ƙasar da ba ta tsattsafo. Ruwa yana ratsa ta a hankali dare da rana, kuma aikin injiniya shi ne ya sa wannan ruwa ya fita ta inda aka tanada, garau, ba tare da ya ɗebi ƙasa ba. Idan mai sintiri ya tarar da ruwa yana ɓulɓulowa a gindin ganuwa, abin da zai fara yi shi ne ya ɗebi kaɗan a cikin kwalba ya ɗaga ta ga rana. In ya ga ruwan fes, sai ya auna yawansa ya rubuta. In kuwa ya ga ya yi gurɓi, laka tana kwanciya a ƙasan kwalbar, to ganuwar ce ake kwashewa daga ciki. Wannan ita ce zaizayar ciki, wadda take farawa da 'yar kafa kamar ramin ɓera, ta riƙa cin ƙasa tana komawa baya har ta haɗe da tafki. Ita ce ta rusa madatsar Teton ta jihar Idaho a ranar 5 ga Yunin 1976, tun ana cika ta karon farko. A ƙasashe masu zafi akwai ƙarin masu buɗe wa ruwa hanya: gara da ke gina shuri a jikin ganuwa, gafiya, saiwar itacen da aka bari ya girma ya mutu ya ruɓe, da tsagewar da yumɓu ke yi a tsawon rani.

Bayan zaizayar ciki, hanya ta biyu ta lalacewa ita ce ruwa ya haura saman ganuwa, kuma a nan ne madatsar ƙasa ta fi ta kankare rauni, domin ruwan da ya tsallake yana yanka bayanta kamar yadda yake yanka kwazazzabo. Maganin wannan shi ne mafitar rara, wato hanyar da aka gina don ruwan da ya wuce kima ya fita ba tare da ya taɓa ganuwa ba. Duk wanda ya zauna a soron ƙasa ya san matsayin indararo: rufin yana iya yin shekaru da yawa muddin ana yaɓe kafin damina kuma indararon a buɗe yake, amma ranar da ya toshe, ruwan dare ɗaya ya isa. A Gusau, a ƙarshen Satumba na 2006, ƙofofin sakin ruwa ne suka ƙi buɗuwa bayan mamakon ruwan sama, madatsar ta ɓalle. Ta Bagauda a Jihar Kano kuwa ta fashe ne a watan Agusta na 1988, ana tsakiyar marka.

Daren 9 ga Satumba

Bayan makonni ana ruwan sama mai ƙarfi a yankin da ke zuba wa Ngadda, tafkin Alau ya cika maƙil, kuma a daren 9 wayewar garin 10 ga Satumban 2024 ruwa ya yage wani sashe na madatsar a wajen mafitar rara. Kafin gari ya waye ya shiga unguwannin Fori da Galtimari da Gwange, ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Katangar gidan yari ta faɗi, hukumar gidajen gyaran hali ta ce fursunoni 281 sun tsere, dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi da yawa suka mutu. Dubban ɗaruruwan mutane sun rasa matsuguni, har aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a baya. Shekara 30 cif kafin wannan, a Satumban 1994, ruwan wannan madatsar ya taɓa cin Maiduguri, don haka ba za a ce hatsarin baƙo ne ba.

Saɓanin da ke cikin manufa

Madatsa ba ta tare ambaliya sai da gurbin da aka bari babu ruwa a cikinta. Tafkin da ya riga ya cika ba shi da inda zai sa ruwan da ke tafe, duk abin da ya shigo sai ya fita, ko ta mafita ko ta wata hanya. Amma mai kula da tafkin da birni ke sha daga gare shi, a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu ba, yana tsoron sakin ruwa a watan Agusta, kada sama ta ɗauke ya shiga rani da rabin tafki. Wannan tsoro ba na banza ba ne, musamman ga madatsar da aka gina a shekarun farin 1980, lokacin da hankalin kowa yake kan ƙarancin ruwa. Abin da ke raba gardama shi ne rubutacciyar ƙa'idar sarrafa tafki, wadda ke faɗin iyakar da ruwa zai kai a kowane mako na damina, tare da ma'aunan ruwan sama da na kogi a can sama, domin a san abin da ke zuwa tun yana nesa. Laka da yashin da kogi ke zubawa kowace shekara suna ƙara rage gurbin a ɓoye, don haka adadin da ke rubuce a takardar gini ba lallai ya zama shi ne a ƙasa ba, sai an sake auna zurfin tafkin.

Akwai misalin zaɓar lafiya a kan yawan ruwa: a 1992 an rage tsawon mafitar rara ta madatsar Tiga saboda damuwa a kan ƙarfin ganuwarta, aka haƙura da wani kaso na ruwan da take tarawa.

Wani abin da ya tsananta lamarin Alau shi ne abin da ya canza a ƙasan madatsar. Rikicin Boko Haram da ya faro a 2009 ya koro jama'ar karkara zuwa Maiduguri, gidaje suka yawaita a bakin Ngadda, shi kansa yankin Konduga ya daɗe cikin rashin tsaro, wanda ke wahalar da sintiri da gyara. Masana suna auna hatsarin madatsa ne da yawan rayukan da ke ƙarƙashinta, ko da ganuwar ba ta canza ba, kuma bisa wannan ma'auni Alau ta 2024 ta fi ta 1986 hatsari nesa ba kusa ba. Birnin Darna na Libiya ya ga irin wannan a Satumban 2023, lokacin da madatsu biyu da aka gina musamman don kare shi daga ambaliya suka fashe cikin dare.

A watan Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar da inganta ta. Kuɗin gini na iya tayar da ganuwa da faɗaɗa mafita, amma albashin mai sintiri, da man shafa wa ƙofofi, da sare itatuwa, da taswirar unguwannin da ruwa zai fara shiga, da hanyar tayar da mutanen Gwange daga barci da ƙarfe biyun dare, duk suna buƙatar nasu kason a kasafin kowace shekara, tare da sunan ofishin da za a tambaya in ba a yi ba.